Ina da Albashi, Ina da Shago: Yaya Ake Aiki da Mai Lissafin Haraji?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaci ne a nan Zariya, kuma duk wata ana cire mini haraji daga albashi. Ina da shagon takin zamani da maganin feshi a Sabon Gari, ƙanena ne ke zama a ciki, da kaka kuma mukan sayi masara mu ajiye. Na yi wa shagon rajistar suna a CAC, hukumar rajistar kamfanoni. Yanzu ina neman kwangilar kai hatsi wata makaranta, sun ce sai na kawo takardar shaidar biyan haraji ta shekara uku. Wani ya ce in ba shi kuɗi ya fito mini da ita cikin kwana biyu, wani kuma ya ce in nemi ƙwararre. Me ya kamata in yi, kuma yaya ake aiki da irin waɗannan mutane?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa albarka a nema.

Bari in fara da mai kwana biyun nan, don shi ne abin da ya fi damuna a tambayarka. Ka rabu da shi. Takardar shaidar biyan haraji ba kaya ba ce da ake saye. Shaida ce da hukuma ke bayarwa cewa a shekaru uku da suka wuce ka sami kaza, an yanka maka kaza, ka kuma biya. Wanda bai tambaye ka abin da ka samu ba, bai ga littafin shagonka ba, bai ma san ko kai kaɗai ke da shagon ba, me zai rubuta a ciki? Ɗayan biyu ne: ko ya kawo maka ta jabu, ko ya je ya faɗi wani ɗan ƙaramin adadi da sunanka, a biya 'yan kuɗi, a fito da takarda ta gaske mai ɗauke da bayanin ƙarya. Ta biyun ta fi haɗari, don ita ce za ta zauna a fayil ɗinka. Ranar da aka ga mutumin da ya ce dubu ɗari huɗu yake samu a shekara yana karɓar kwangilar miliyoyi, kai za a kira, shi kuwa ba wanda ya san da zamansa.

Wannan shi ne abin da nake so ka riƙe tun daga farko. Duk wanda ka ɗauka, komai ƙwarewarsa, alƙalami kawai ya riƙe maka. Bayanin naka ne, sa hannun naka ne, bashin naka ne idan an sami giɓi. Na daɗe ina wannan aiki a garin nan, kuma mafi yawan rigimar da ake kawo mini tushenta ɗaya: mutum ya ɗauka tunda ya ba wani "aikin haraji", to ya sauke nauyi ke nan.

Dattawanmu har yanzu in an ce haraji, abin da ke faɗo musu shi ne na kai da jangali, wanda mai unguwa da dagaci ke bi gida-gida, wanda gwamnatin Balarabe Musa ta soke a tsohuwar jihar Kaduna a 1979. Wancan kai ake ƙirgawa. Na yanzu samu ake aunawa, kuma kai da kanka doka ta ɗora wa faɗin abin da ka samu. Shi ya sa ake buƙatar lissafi, shi ya sa kuma ake buƙatar mai lissafi.

To kana buƙatarsa? Da albashi kaɗai gare ka, da na ce a'a. Wurin aikinka na cirewa yana aikawa, kai kuma ka cike bayanin shekara, magana ta ƙare. Amma kai kana da hanyar samu fiye da ɗaya, kana da kaya a sito da ke tsallaka shekara, kana da ɗan'uwa a cikin harkar, ga shekaru uku na baya da ba a taɓa faɗin ribar shago ba. Irin wannan yana buƙatar hannun wanda ya sani, aƙalla a shekarar farko, har abubuwa su hau kan layi.

Kafin ka je wurinsa, ya kamata ka san a wane gida harajinka yake. Rajistar suna da ka yi ba ta mayar da shagonka kamfani ba. A wurin doka kai da shagon mutum ɗaya ne, don haka ribarsa samunka ce, kuma harajinta na jihar da kake zaune ne, wato Hukumar Tara Kuɗin Shiga ta Jihar Kaduna, KADIRS. Kamfani mai cin gashin kansa, wanda sunansa ke ƙarewa da Ltd, shi ne ke biyan harajin riba ga hukumar tarayya, wadda aka sani da FIRS, yanzu kuma ta koma NRS. Na faɗi haka ne don in mutum ya fara yi maka maganar harajin kamfani alhali rajistar suna ce da kai, ka san bai ma duba takardarka ba.

Abu na biyu, doka ta canza. A ranar 26 ga Yunin 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan sababbin dokokin haraji guda huɗu, wadda ta ƙunshi sabon ma'aunin haraji ta fara aiki 1 ga Janairun 2026. A sabon ma'auni, Naira 800,000 na farko a samun shekara ba haraji a kansu. Miliyan 2.2 da ke biye ana ɗaukar kashi 15 cikin 100, miliyan 9 na gaba kashi 18, miliyan 13 na gaba kashi 21, miliyan 25 na gaba kashi 23, abin da ya haura miliyan 50 kuma kashi 25. Tsohon ma'auni daga kashi 7 yake farawa ya tsaya a 24, kuma yana da wani rangwame na bai-ɗaya da ake cirewa kafin a yi lissafi, wanda yanzu an soke shi. An kawo rangwamen haya a madadinsa: kashi 20 na kuɗin hayar gidan da ka biya a shekara, amma ba zai wuce Naira 500,000 ba. Wanda ke zaune a gidansa ko gidan gado a cikin birni ba shi da wannan. Tunda takardar da ake nema a wurinka na iya shafar shekarun da suka ratsa tsohuwar doka da sabuwa, ka sa ya nuna maka da wane ma'auni ya lissafa kowace shekara da dalilinsa. Tambaya ce mai sauƙi, amma tana tace mutane sosai.

Ga wurin da masu albashi da shago suka fi tuntuɓe. Samunka duka a wuri ɗaya ake tara shi, sannan a ɗora ma'aunin. Bari in ba ka misali da lambobin da na zaɓa don sauƙi. A ce albashinka bayan an cire fansho da sauran abin da doka ta yarda ya kai miliyan 2.4 a shekara. Wurin aiki zai cire maka Naira 240,000, wato kashi 15 na miliyan 1.6 da suka haura 800,000. A ce kuma shago ya kawo ribar miliyan 3.6. Wanda bai sani ba sai ya lissafa ribar ita kaɗai, ya sake ba ka 800,000 kyauta, ya fito da Naira 438,000. Kuskure ne. Daidai shi ne a haɗa su su zama miliyan 6: na farko 800,000 babu komai, miliyan 2.2 su ba da 330,000, sauran miliyan 3 a kashi 18 su ba da 540,000, jimla 870,000. A cire 240,000 da aka riga aka karɓa ta albashi, saura 630,000. Bambancin Naira 192,000 ne, kuma ba ya ɓacewa. Yana nan yana jiranka, da tara da kuɗin jinkiri a kansa, duk ranar da aka buɗe fayil. Na san wannan ba labari ne mai daɗi ba, amma gara ka ji shi daga bakina yau.

Yanzu wa za ka ɗauka? Cibiyar da doka ta ba kula da sana'ar haraji ita ce CITN, wadda aka kafa a 1982 ta sami dokarta a 1992. Akantoci kuma suna ƙarƙashin ICAN ko ANAN. Ka tambayi mutum a wace cibiya yake, mece ce lambarsa, kuma lasisinsa na aiki na bana ne. Wannan ba cin fuska ba ne, kuma ɗan halas ba zai ji haushi ba. Zariya ba ta da ƙarancin masana lissafi, garin da harabar Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello take tana yaye akantoci shekara da shekaru. Sai dai karatu daban, sanin harkarka daban. Wanda ya saba da lissafin makarantu masu zaman kansu ba lalle ya fahimci yadda ake sayen masara a Giwa ko Saminaka ba, inda babu mai ba ka rasit, ga la'adar dillali, ga kuɗin dako da lodi, ga ragin da buhu ke yi in ya bushe, ga wanda ƙwari suka ci. Ka tambaye shi kai tsaye: ka taɓa yi wa ɗan hatsi ko mai kayan gona aiki? Yaya kake tabbatar da sayayyar da ba ta da rasit?

Ni a wurina babbar alama ita ce yawan tambayarsa. Zaman farko da ƙwararre ya kamata ya gajiyar da kai. Zai tambaye ka asusun banki nawa gare ka, har da na waya. Zai tambayi na'urar POS ta shago da sunan wa take. Zai tambayi buhu nawa ya kwana a sito ranar 31 ga Disamba, nawa manoma suka ci bashi, nawa kamfanin taki ke binka. Zai tambayi ko kana da gidan haya ko gona. Wanda ya fara da "nawa kake so ka biya?" ya nuna maka irin aikinsa.

Zancen ƙanenka kuma dole a warware shi, ko da akwai nauyi. Mu a nan an saba a ce "shagonmu" a bar maganar a dunƙule, don kada a ɓata zumunci. Amma lissafi ba ya tafiya a dunƙule. In abokin tarayya ne, yana da kaso a jari da riba, to ribar za a raba, kowa a lissafa masa haraji a kan rabonsa, kuma wannan kan rage abin da ke kanka ta halattacciyar hanya. In kuwa aiki yake yi maka, to a yanka masa albashi sananne, a rubuta, ya zama kashe-kashen shago, in ya kai a cire masa haraji a cire a aika. Abin da ba zai yiwu ba shi ne ya riƙa ɗiba daga aljihun shago ba rubutu, sannan a ƙarshen shekara a ce a lissafa. Na ga gidajen da wannan zama na raba kaso, wanda haraji ya tilasta, ya zama shi ne ya tsare su daga rigimar gado daga baya.

Sai babban aikin, wanda naka ne ba nasa ba: raba aljihunka da na shago. In ka ce in zaɓi abu ɗaya a cikin duk amsar nan, shi zan zaɓa. Mutanenmu asusu ɗaya suke zuba komai. Albashi ya shiga, cinikin taki ya shiga, zubin adashi ya shiga, yayarka ta turo daga Kano a kai wa Hajiya, abokin aiki ya ba ka ajiya, maƙwabci ya ce a tura masa ta asusunka ka cire ka ba shi. Haraji a kan samu yake, ba a kan duk abin da ya ratsa asusu ba. Ajiya ba samu ba ce, aike ba samu ba ne, bashin da ka ciwo ba samu ba ne, uwar kuɗinka da ta dawo bayan ka sayar da kaya ma ba riba ba ce. Amma jami'in da ke kallon takardar banki ba ya ganin niyya, shigar kuɗi yake gani. In ya ga miliyan 40 sun shiga a shekara, kai ne za ka nuna masa cewa miliyan 30 da wani abu kuɗin kaya ne da suka juya, wasu kuma na mutane ne. In ka kasa, doka ta ba hukuma damar ta yanka maka bisa ƙiyasinta, kuma ƙiyasi ba ya zuwa da sauƙi.

Don haka gobe-goben nan ka buɗe asusu da sunan shago, POS ya koma kansa, duk ciniki ya bi ta can. In za ka ɗauki kuɗin cefane ko na makarantar yara, ka tura daga asusun shago zuwa naka, a rubuta cewa mai shago ya ɗauka. Ka sayi babban littafi mai bango, a bar shi a shago: kwanan wata, abin da ya shigo, abin da ya fita, wa aka ba bashi. In kun je kasuwar ƙauye sayen masara, a rubuta ranar, kasuwar, buhu nawa, a kan nawa, sunan dillali, kuɗin mota. Wanda ya karɓi kuɗi ya sa hannu ko ya dangwala. In ta waya aka tura, ga shaida ta biyu. Rubutun da aka yi ranar da abu ya faru yana da ƙarfi a gaban hukuma, ko da da Hausa ne ko ajami. Wanda aka zauna aka tsara dare ɗaya da biro ɗaya, duk wanda ya saba da aikin yana gane shi. Kuma ka adana komai aƙalla shekara 6, don gwargwadon haka hukuma kan iya komawa baya.

Zan ba ka labarin wani ɗan kasuwa da ya zo wurina, don ka ga inda abin ke kaiwa. Shekara uku yana ba wani mutum kuɗi a hannu, wai na haraji da ladan aiki a haɗe. Mutumin yana kawo masa takarda, shi kuma yana jefawa a durowa bai karanta ba. Da aka aiko masa da takardar neman biya, muka zauna muka duba. Abin da ya shiga asusun gwamnati bai kai rubu'in abin da ya bayar ba, lambar waya da adireshin imel da aka yi masa rajista da su duk na mutumin ne, saƙonnin hukuma can suke zuwa. Ya biya sau biyu ke nan. Abin da ya cece shi daga mafi muni shi ne yaron shagonsa mai rubutu ne, yana da littattafan ciniki tun farko, da su muka sake gina lissafin muka nuna ainihin ribar. Har yau in na tuna yadda dattijon nan ya yi shiru yana kallon rasit ɗin, raina yana ɓaci.

Daga nan ka ɗauki ƙa'idojin hulɗa. Kuɗin haraji daban, ladan aiki daban, kuma kada su taɓa haɗuwa a hannu ɗaya. Shi ya lissafa, ya fito maka da takardar biya mai sunanka da lambarka, kai ka je banki ko ka biya ta intanet da kanka, rasit ya fito da sunanka. Dokar haraji ta jihar Kaduna ta 2016 ta hana karɓar kuɗin gwamnati a hannu, don haka duk wanda ya ce ka ba shi ya kai, ko daga ina ya ce ya fito, ya saɓa. Lambar waya da imel da ke kan rajistarka su zama naka. Yanzu da lambar NIN ta zama ita ce ginshiƙin shaidar haraji ta mutum, lambar CAC kuma ta kamfani, duk abin da aka shigar yana manne da kai har abada. Takardun asali su zauna a wurinka, shi ka ba shi kwafi.

Ladansa kuma ku yi shi a rubuce kafin a fara, ko da shafi ɗaya ne: zai gyara shekaru uku na baya, zai cike bayanin bana, zai bi takardar shaida har ta fito, kuma in hukuma ta yi tambaya a kan aikinsa zai je ya amsa. Wannan na ƙarshen ka tabbatar ya shiga, don nan ne ake gane wanda ya tsaya a kan aikinsa. Gyaran baya ya fi tsada, don tono ne. Shekarun gaba in littafinka na da kyau ladan zai sauka. Ban so a yi ciniki da cewa za a ba shi kaso daga abin da ya "rage" maka. Ka ba mutum dalilin ya ƙara gishiri a kashe-kashe ke nan, alhali kai za ka sa hannu.

Ba wai aikinsa ya sa ka biya da yawa ba ne. Ƙwararre na gaske yana rage maka ta inda doka ta buɗe ƙofa, kuma ƙofofin suna da dama, mutane ne ba su sani ba. Hayar shago da ta sito, albashin yara, dako, kuɗin mota, maganin adana hatsi, buhunan da aka saya, wuta da man janareto na shago, duk ana cirewa kafin a ce riba, muddin don kasuwancin aka kashe su. Manyan kaya kamar sikeli, janareto ko babur mai ƙafa uku na kai kaya ba a cire kuɗinsu gaba ɗaya a shekara ɗaya, ana rarraba shi a kan shekaru, shi ya san yadda ake yi. A ɓangarenka kuma akwai kashi 8 na fansho da ake cire maka, da asusun gidaje, da inshorar lafiya, da rangwamen haya in haya kake. Amma kuɗin asibitin iyali, gudummawar biki, kujerar Makka, waɗannan daga aljihunka suke, ba na shago ba. Zakka ma haka: haƙƙin Allah ce a kan dukiyarka, ka fitar da ita daga rabonka, kada a cusa ta cikin kashe-kashen shago. Wani amfani da na lura da shi, wanda ya ƙirga kayansa da basussukansa tsaf don haraji, lissafin zakkarsa ma yakan zo masa da sauƙi.

Tunda kwangila kake nema, ga wani abu da za ka tarar. Ranar biya ba za a ba ka kuɗinka cif ba, za a cire wani kaso a matsayin harajin da ake riƙewa tun daga tushe. A kan kawo kaya kashi 2 ne a ƙa'idar da ta fara aiki a 2025, wato a kwangilar miliyan 5 za a riƙe Naira 100,000. Wannan ba asara ba ce, kafin alƙalami ne a kan harajinka na shekara. Amma sai an aika da shi da sunanka da lambarka, ka kuma karɓi shaidar hakan, sannan za a rage maka. 'Yan kwangila da yawa suna barin wannan kuɗi a baya saboda ba su bi shaidar ba. Ka sa bin ta ya shiga aikin mai lissafinka. Batun VAT kuwa, wato harajin da ake ɗorawa a kan farashin kaya, wanda yake kashi 7.5, hatsi da takin zamani ba a ɗora musu, sai dai ya duba sauran kayan shagon ɗaya bayan ɗaya.

Wataƙila wani ya ba ka shawarar ka mayar da shagon kamfani, tunda ƙananan kamfanoni ba sa biyan harajin riba, kuma sabuwar doka ta ɗaga iyakar daga miliyan 25 da take a da. Gaskiya ne, kuma dokar kamfanoni ta 2020 ta yarda mutum ɗaya ya kafa kamfani. Amma kada ka yi gaggawa. Kamfani ko bai biya ko sisi ba dole ya kai bayaninsa kowace shekara, cikin wata 6 bayan rufe lissafi, ga bayanin shekara na CAC. Kuɗin kamfani kuma ba naka ba ne da za ka ɗiba yadda ka so: in ka ɗauka a matsayin albashi akwai harajinsa, in rabon riba ne ana riƙe kashi 10. In cinikin kamfanin ya wuce matakin ƙarami, harajin riba kashi 30 ne, da wani kashi 4 na raya ƙasa. Ga wanda ke son barin riba a cikin kasuwa tana juyawa, yana kuma neman manyan kwangiloli, kamfani na da amfani. Ga wanda har yanzu bai raba aljihunsa da na shago ba, ƙarin kaya ne. Ka sa a lissafa maka hanyoyin biyu a takarda da lambobinka na gaske, bayan shekara guda ta rubutu mai kyau. Ka kuma duba ƙa'idar wurin aikinka game da yin kasuwanci da karɓar kwangila, musamman in aikin gwamnati kake, don wannan wata doka ce daban da ta haraji.

Lokuta kuma ka riƙe su da kanka, kada ka dogara da tunin kowa. Bayanin shekara na mutum 31 ga Maris ne ƙarshensa. Mai ma'aikata yana kai nasu kafin ƙarshen Janairu, abin da ya cire musu duk wata kuma zuwa 10 ga watan da ke biye. A sabuwar doka rashin kai bayani na jawo tarar Naira 100,000 a watan farko, da 50,000 a kowane wata bayansa. Ba a fafe gora ranar tafiya: ka ƙirga kaya a ƙarshen Disamba, ka karɓo takardun banki a farkon Janairu, ku zauna a Fabrairu. Wanda ya zo mana ana saura kwana uku, aikin gaggawa zai samu, mu ma mutane ne.

Kafin ka sa hannu a komai, ka ce ya karanta maka da Hausa, layi-layi. Ciniki nawa ya rubuta, kuɗin kaya nawa, riba nawa. Kai ka san shagonka fiye da shi. In ya rubuta ribar da kai kanka ka san ba ta kai ko rabin gaskiya ba, ka tsayar da shi. In ya rubuta wadda ta fi ƙarfin abin da ka gani, ka tambaya, wataƙila ya manta kayan da suka lalace ko ya ƙirga ajiyar wani a ciniki.

In kuma wata rana aka aiko maka da takardar yanka haraji da ba ka yarda da ita ba, kada ka ajiye ta kana jiran ka sami wanda ya san wani. Kwana 30 gare ka ka rubuta ƙin amincewa da dalilanka, in suka wuce adadin ya zauna. Ranar da ta zo ka rubuta kwanan wata a kanta, ka kai masa. In ba a daidaita da hukuma ba, akwai kotun ɗaukaka ƙarar haraji, wadda reshenta na Arewa maso Yamma ke zama a Kaduna, sabuwar doka kuma ta kafa ofishin sauraron koken masu biyan haraji.

Game da kwangilar da ke gabanka, abin da zan yi in ni ne kai: in je wurin aiki a cikin makon nan in karɓi shaidar abin da aka cire mini na shekaru ukun, in karɓo takardun duk asusuna, in tattara duk wani littafi ko takardar sari da ke shago, mu zauna da ƙanena mu tuna abin da za mu iya tunawa tun ƙwararren bai zo ba. Ya gina lissafin kowace shekara da abin da ke akwai, a kai wa KADIRS da kanku, kafin su nema. In abin da ya taru ya yi nauyi, ya rubuta neman a yarda ka biya kashi-kashi. Zai ɗauki makonni, ba kwana biyu ba, kuma mai yiwuwa wannan kwangilar ta wuce ka. Ka sanar da makarantar cewa takardar na kan hanya, ka nuna musu rasit ɗin abin da ka fara biya, ka tambaya ko za su jira.